Ruwa a boris: abin da ke kwantar da tirela da damina

Yau hirar tamu ta direbobi ce da yaran mota, musamman masu karyawa a Kwanar Dangora su bi ta Tudun Wada, su ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, hanyar Jos ke nan.

Kun san boris, ƙananan ƙarafan nan da taya ke juyawa a kansu. Rayuwarsa gaba ɗaya giris ce. Abin da ke tsare giris ɗin a ciki kuwa wata 'yar roba ce, sil.

To ga inda matsalar take. Tirela ta ɗauko buhunan masara ko shinkafa, ta yi tafiya, gindin taya ya ɗau zafi. Sai direba ya faɗa kududdufi mai zurfi. Ƙarfe ya huce farat ɗaya, iskar da ke ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta bakin sil. Ba a gani fa. Giris ya koma fari-fari kamar koko, tsatsa ta fara cin ƙarfen, sai gurnani, sai zafi. Daga nan taya na iya cijewa, ko ta kama da wuta, ko ma ta fice da lodi a kai. Ka yi tunanin hakan a tsakiyar Falgore da magariba.

Masu wankin mota ma suna da nasu laifin: saita bakin injin feshi daidai kan sil tura ruwa ciki ne.

In an tsaya shan shayi, yaron mota ya zagaya, ya kai bayan hannu kusa da gindin kowace taya. Wadda ta fi 'yan uwanta zafi, da magana, ko boris ko birki ya riƙe. A leƙa ta ciki: in giris ya fantsama a jikin ƙarfen taya, sil ya tafi.

Kuskuren da na fi gani shi ne cusa sabon giris kan wanda ruwa ya shiga. Asarar kuɗi ce kawai. Bakanike ya kwance, ya wanke, ya busar, ya duba ko ƙarfen ya yi ramuka, ya sa sabon sil, kuma kar a gauraya giris iri biyu. Noti ma kar a ɗaure shi tamau, matsewa da yawa ita ma ƙona boris take.

Direbobin hanyar Doguwa, ku faɗa mana: sau nawa kuke buɗe naku kafin kaka?