Abin da matashi ke ci yana taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarsa

Idan saurayi ko budurwa suka fara yawan fushi da kasala, ko suka daina jin daɗin abin da a da yake faranta musu rai, mukan ɗora laifin a kan rashin aikin yi ko matsin karatu, wasu ma su ce shafar aljanu ce. Da wuya a tambaye su me suke ci. Alhali ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, ita ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke samarwa. Ba ta kuma gama ginuwa sai wajen shekara 25, daidai lokacin da matashi ke barin tukunyar gida ya tafi jami'a ko ci-rani, ya koma rayuwa a kan taliyar leda da burodi da lemon kwalba.

Masana sun gwada lamarin a aikace. A 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike da Farfesa Felice Jacka ta Jami'ar Deakin a Ostireliya ta jagoranta, a kan mutum 67 masu ciwon damuwa. Bayan mako 12, kusan ɗaya bisa uku na waɗanda aka gyara wa cimarsu sun samu sauƙi sosai, a cikin waɗanda ba a gyara wa ba kuwa kashi 8 cikin 100 kacal. A 2019 Jami'ar Macquarie ta yi irin wannan gwajin a kan matasa 'yan shekara 17 zuwa 35. Waɗanda suka ƙara ganye da 'ya'yan itace da kifi, suka rage zaƙi da abincin kanti, alamun damuwarsu sun ragu cikin mako 3.

Abu na farko da ya kamata a yi hattara da shi shi ne sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12. Sau da yawa kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita ta cike wannan adadin. Na biyu shi ne lemon ƙara kuzari da ɗalibai da direbobi ke sha don korar barci. Sinadarin kafin da ke cikinsa, irin na goro da kofi, yakan daɗe sa'o'i a jiki, ya jawo faɗuwar gaba da rashin barci, rashin barci kuwa yana rura damuwa.

Na uku shi ne ƙarancin jini, wanda ke addabar kusan mace 3 cikin 10 masu shekarun haihuwa a duniya. Budurwar da ke fama da shi takan ji kasala da jiri, karatu ya ƙi zama, a yi ta kiranta malalaciya. Shan shayi tare da abinci yana rage sinadarin ƙarfen da hanji ke tsotsa, lemon zaƙi ko gwaiba kuwa suna ƙara shi.

Gyaran bai buƙatar kuɗi mai yawa. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, faten wake da alayyahu, ɗanwake, tuwon dawa da miyar kuka, fura da nono mai tsabta, ƙwai, gyaɗa, da kifi ko da sau biyu a mako, duk suna ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa ke nema. A daina fita da safe ba karin kumallo, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai dai abinci taimako yake yi, bai maye gurbin likita ba. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya gyara cimarsa. Duk matashin da baƙin ciki ya lulluɓe shi har mako 2, ko ya daina cin abinci, ko ya fara zancen gajiya da rayuwa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.