Gubar da ke shigowa ta ƙarƙashin daɓe: Sana'ar da matasa ba su waiwaya ba

Idan ana hirar aikin yi a Facebook ko TikTok, kusan kullum magana ɗaya ce: ka koyi kwamfuta, ka shiga kirifto, ka buɗe kasuwa a intanet. Da wuya ka ji wani ya ce burinsa ya zama mai auna guba a ƙasa da ruwa da iska. Alhali kuwa sana'a ce mai zaman kanta, kuma a Arewa mun taɓa ganin ranar da aka neme ta ido rufe.

Bari mu fara da wani reshe na aikin da ba a cika jin labarinsa ba, wato kutsen tururin guba cikin gidaje.

Akwai sinadarai masu saurin zama tururi. Daga ciki akwai TCE, wanda masana'antu ke wanke maiƙo daga jikin ƙarfe da shi, da PCE na masu wankin kaya da inji, da kuma benzin da ke cikin fetur. Idan suka zube suka nutse cikin ƙasa, ba shi ke nan ba fa. Suna iya kaiwa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwan kuma ya ja su har ƙarƙashin unguwa. Daga can sai su riƙa tashi sannu a hankali, su bi tsagar daɓe ko gefen bututu su shiga ɗakin da mutane ke kwana. Sau da yawa hanci ba ya jin komai. TCE da benzin kuwa duk an tabbatar suna haddasa cutar kansa.

Garin Endicott da ke jihar New York a Amurka, inda kamfanin IBM ya samo asali, ya ga wannan. An yi shekaru ana amfani da irin waɗannan sinadarai a masana'antar garin. Sai a farkon shekarun 2000 aka gano tururin TCE na shiga gidajen mutane, har ta kai an sanya na'urorin fitar da shi a gine-gine fiye da 400. A 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da cikakken kundin yadda ake bincikar wannan matsala da magance ta.

To, su wa ke yin aikin?

Na farko shi ne mai tantance haɗari. Shi ke huda ƙaramin rami a daɓe ya ɗebi iskar da ke ƙarƙashi, ya kuma ajiye wata tukunyar ƙarfe a ɗaki ta yi awa 24 tana zuƙar iska, sannan a kai ɗakin gwaji. Idan sakamako ya fito sai ya zauna da lissafi: gubar nawa ce, wa ke shaƙa, awa nawa a rana, shekara nawa? Jariri da mai juna biyu ba ɗaya suke da ƙato mai fita tun safe ba. A tsarin EPA, idan lissafi ya nuna gubar za ta iya jawo wa fiye da mutum 1 cikin 10,000 kansa, galibi lokacin ɗaukar mataki ya yi.

Na biyu shi ne injiniyan gyara. Abin mamaki, maganin gaggawa ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa: a toshe tsagogi, a dasa bututu ƙarƙashin daɓe, a haɗa shi da fanka mai zuƙo tururin ta fitar da shi ta saman rufi kafin ya shiga ɗaki. Babban aikin shi ne tsaftace ƙasar da ruwan, wanda kan ɗauki shekaru.

Na uku shi ne jami'in hukuma, mai duba rahoto, mai cewa wannan gwaji bai isa ba a sake, mai tilasta wa wanda ya ɓata wuri ya gyara.

Wani zai ce ai wannan matsalar Turawa ce. Gaskiya kalar gubar na iya bambanta, amma aikin ɗaya ne. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara. Ashe ƙurar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Likitoci sun ce magani ba zai yi amfani ba idan yaro zai koma wasa a kan ƙasar da ta sa masa ciwon, don haka sai da aka fara kankare saman ƙasa gida-gida aka zuba sabuwa. Wani kamfani daga jihar Idaho ta Amurka, TerraGraphics, shi ya jagoranci aikin tare da horar da ma'aikatan gida. Kuɗin gyaran Bagega kuwa bai fito ba sai a 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa lamba a soshiyal midiya. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

A kudu ma, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan yankin Ogoni ya samu benzin a ruwan rijiyar Nisisioken Ogale da ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, ya kuma ce gyaran na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Wannan aikin tsara guda ne.

Sannan ka duba unguwarku. Gidan mai nawa ne katanga ɗaya ta raba shi da gidan mutane? Tankinsa a binne yake, ƙarfe kuma yana tsatsa. Ga garejin makanikai, ga masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa a Kano. Duk wuraren da ke buƙatar mai awo ne.

Ina ƙofar shiga? A ɓangaren gwamnati akwai NESREA da aka kafa a 2007, da NOSDRA mai kula da malalar mai tun 2006, da shirin HYPREP na Ogoni, da ma'aikatun muhalli na jihohi. A ɓangaren 'yan kasuwa, dokar 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka yin nazarin tasirinsu ga muhalli kafin a fara, kuma kamfanonin ƙwararru ke rubuta waɗannan rahotanni.

Karatun ma ba sai an tsallaka teku ba. Kemistiri, jiyoloji, kimiyyar lafiyar al'umma, duk hanya ce. ABU Zariya na da sashen injiniyancin ruwa da muhalli, BUK na da tsangayar kimiyyar ƙasa da muhalli. Ka ƙara da iya lissafi a Excel da zana taswira da QGIS, wadda kyauta ake sauke ta. Mai karanta aikin jarida ma yana da gurbi, domin sai an samu wanda zai zauna da mai gari da matan gida ya fassara musu sakamakon gwaji da Hausa ba tare da ya firgita su ko ya ɓoye musu gaskiya ba.

Ba sana'ar kuɗi nan take ba ce, akwai rana, akwai ƙura, akwai jiran ɗakin gwaji. Amma idan kana aji uku kana neman inda za ka yi SIWES, ko kina neman batun furojet, ga shawara: a gwada ruwan rijiyoyi goma da ke kusa da wani gidan mai, a kwatanta da goma na nesa, a rubuta abin da aka gani.