Bayan An Naɗe Tabarmi

Bara waccan aka yi wa wani maƙwabcina rasuwa a wata sabuwar unguwa da ke wajen birnin Kano, irin unguwannin nan da kowa ya ja doguwar katanga ya kafa ƙyauren ƙarfe. Matarsa ce ta rasu wajen haihuwa. Ban ji sanarwa a masallaci ba, ban kuma jiyo koke-koke ba. A waya na gani, cikin wani zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, bayan har an dawo daga maƙabarta. Gida huɗu ne tsakanina da shi. Kafin la'asar saƙonnin ta'aziyya sun cika zauren, kowa na manna addu'ar da ya kwafo daga na samansa. Da na isa ƙofar gidan sai na tarar da kujerun roba jere ƙarƙashin rumfar haya, yawancinsu wayam, 'yan waɗanda ke zaune kuma kowa ya duƙufa yana latsa waya.

Nan na tuna ranar da kakana ya kwanta dama a ƙauyenmu. Da asuba aka jiyo sallallami daga cikin gida, kuma kafin hantsi kowa ya san aikinsa ba tare da an raba ba. Samari suka saɓi diga da shebur suka nufi maƙabarta. Wani ya shiga bayan gari ya tsigo ganyen magarya na wanka, wani ya saro itacen da za a jera a kan kabari, telan garin ya haɗa likkafani bai karɓi ko kwabo ba. A kafaɗa aka ɗauki makara, ana karɓa-karɓa, har tsofaffin da ƙafarsu ke rawa sai da suka sa hannu. A bakin kabari aka kwaɓa ƙasa da ruwa aka lilliƙe tsakanin itatuwan, sannan kowa ya tura ƙasa da tafin hannunsa. Da laka a ƙafa muka dawo, aka baje tabarmi a gindin tsamiyar ƙofar gida. Kwana uku ba a hura wuta a gidanmu ba, amma kwanukan tuwo da ƙoren fura sai da suka rasa wurin ajiya.

A lokacin na ɗauka talauci ne ya sa komai sai an yi da hannu. Sai da na girma na gane cewa aikin nan shi kansa magani ne. Wanda aka yi wa mutuwa zuciyarsa kan daɗe tana gardama da abin da kunnensa ya ji. Amma idan ya ɗauki makara ya ji nauyinta, ya taɓa danyar ƙasa, ya ga an rufe da idonsa, gardamar kan yi sauƙi. Tambayi duk wanda labari ya riske shi yana nesa, ya iso bayan an yi sutura, zai gaya maka an ɗauki watanni yana jin kamar mamacin zai yi sallama ya shigo. Mutumin karkara kuma ya saba ganin mutuwa da rayuwa suna zagayawa a gabansa: gero ya tsiro, ya yi kai, ya bushe, a sare kara, damina ta dawo. Maƙabartar na kan hanyarsa ta gona, kullum sai ya gifta ya yi wa na ciki addu'a. Ɗan birni kuwa a asibiti ake mutuwa a bayan labule, motar ɗaukar gawa ta kwasa, masu haƙa na kuɗi sun riga sun gama, a yi sauri a rufe saboda kowa na da ofis.

Addini bai bar wannan fage haka nan ba. Ya ƙayyade kwana uku na makoki, ya ba matar mamaci takaba ta wata huɗu da kwana goma. Ya yi alƙawarin lada mai girman dutsen Uhudu ga wanda ya sallaci gawa, da ninkinsa ga wanda ya raka har aka binne, wato dai ƙafa ake nema. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) umarni ya bayar a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya same su ya ɗauke musu hankali. Mu kuwa a wurare da yawa mun juya tabarmar. Gidan mutuwa ne ke sauke tukwanen shinkafa, ya yi hayar rumfa da kujeru, ya sayi katan-katan na ruwa, wani har da bashi, masu gaisuwa su ci su kaɗe riga.

Tun kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ake ta ja-in-ja kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, wasu na cewa bidi'a ce, wasu na kare ta. Wannan na malamai ne, ba zan sa baki ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, waɗannan ranaku, ko mene ne hukuncinsu, sun kasance dalilin da ke dawo da dangi gidan mamaci bayan taro ya watse. Wanda ya bar su saboda hujja, ya kamata ya maye gurbinsu da ziyara, wadda babu malamin da ya yi saɓani a kanta. Da yawanmu mun bar taron, ziyarar ma ba mu yi ba.

Kanawa sun ɗanɗani mutuwar da babu jama'a a watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona. Masu haƙar kabari ne suka fara ɗaga murya cewa gawarwakin sun fi ƙarfin abin da suka saba. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da cutar. An rufe hanyoyin shiga jiha, an hana taro. Mutane suka rasa iyaye ba su samu rakiyarsu ba, aka koma ta'aziyya ta waya bisa tilas. Kullen ya wuce, ɗabi'ar ta zauna daram.

Likitoci ma sun yarda baƙin cikin rashi kan iya zama ciwo. A sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, an shigar da baƙin cikin da ya ƙi sassautawa har ya wuce wata shida, ya zarce abin da al'ada da addinin mutum suka saba gani, ya hana shi harkokinsa. A wajenmu irin wannan mutum sai a ce ya kasa tawakkali, a bi shi da wa'azi. Alhali Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Sau da yawa imanin mutum lafiya lau yake, wanda zai zauna ya saurare shi ne babu.

Ban ce waya ba ta da rana ba. Wanda ke Makka ko Legas ko Ingila, ita ce ƙafarsa, kuma ta sa ana jin labarin jana'iza cikin minti kaɗan. Wanda nake wa magana shi ne mai tura saƙo alhali acaɓa ɗaya ce tsakaninsa da gidan.

Nauyin rashi kuwa a rana ta huɗu yake sauka, bayan masu rumfa sun zo sun kwance kayansu, dangi sun kama hanya. A babban gida na da, mai takaba tana da surukai da faccaloli da tsofaffin da ke kwana a ɗakinta. Ta yau tana cikin ciki da falo na haya, ita da ƙananan yara da takalman marigayi a bakin ƙofa.

Mako biyu bayan waccan rasuwa na ƙwanƙwasa ƙyauren maƙwabcina bayan isha'i. Na ce, "Malam, ya ƙarin haƙuri?" Ya ce, "Da godiya," ya shimfiɗa mini darduma a tsakar gida. Mun fi awa guda, maganarmu ba ta taka kara ta karya ba, jaririyar da aka bar masa tana ta kuka a hannun ƙanwarsa. Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa, ya ce tun ranar da aka kwashe kujeru ni ne na farko da ya shigo.

Mai karatu, duba unguwarku. Akwai gidan da aka yi zaman makoki wata ɗaya ko biyu da suka wuce. Ajiye wayar, ka je ka yi sallama.