Wa Ya Fi Wa: Yayin Jera Albam da Abin da Ya Yi wa Kiɗan Rok da Kantiri

A ƙarshen shekarar 2003 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta fitar da jerin albam 500 da ta ce babu kamarsu a tarihi. Mutum 273 ta tambaya, mawaƙa da marubuta da ma'aikatan kamfanonin faifai, sannan ta tattara ƙuri'unsu. Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na Beatles, wanda ya fito a 1967, shi ya zo na ɗaya. Cikin goman farko huɗu na Beatles ne, biyu na Bob Dylan. Da aka sake zaɓe a 2020 da masu ƙuri'a sama da 300, sai Sgt. Pepper ya gangaro zuwa na 24, What's Going On na Marvin Gaye ya taso daga na shida ya haye kujera, Blue na Joni Mitchell ya zo na uku. Faya-fayan suna nan yadda aka naɗe su tun shekaru hamsin da suka wuce. Mutanen da aka tambaya ne suka canja, kuma daga nan ya kamata duk wani nazari kan wannan yayi ya tashi.

Yayi ne kuwa, domin kowa ya shiga. Mujallar NME ta Birtaniya ta yi nata 500 a 2013, ta ɗora The Queen Is Dead na ƙungiyar The Smiths a sama. Apple Music ya fito da 100 a 2024, ya ba Lauryn Hill kambu. Tashar CMT ta jera albam 40 na kantiri a 2006, Rolling Stone ta biyo da 100 a 2022.

Dalilin farko na kuɗi ne, kuma ba shi da wuyar ganewa. Tun da talla ta bar takarda ta koma intanet, mujallun kiɗa suke neman abin da zai sa a danna, a yaɗa, a yi ta musu. Sharhin albam guda, komai kyansa, masoyan mawaƙin kaɗai yake jawowa. Jeri kuwa kowa yana da gwaninsa a ciki, wanda aka mayar da gwaninsa baya ma ya fi saurin turawa abokai. Na biyu, manhajojin sauraro sun zube wa mutum miliyoyin waƙoƙi a tafin hannu, matashi yana neman wanda zai ce masa fara daga nan. Na uku, tsohuwar waƙa ta zama kadara. A Disambar 2020 Dylan ya sayar wa Universal haƙƙin rubutattun waƙoƙinsa a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya haura dala miliyan 300, bayan shekara guda Bruce Springsteen ya sayar wa Sony nasa a kan kimanin miliyan 500. Duk wanda ya zuba irin wannan dukiya yana son a riƙa tunatar da duniya cewa abin da ya saya gado ne.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ma'aunin kansa, wato albam. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifan garmaho mai ɗaukar minti ashirin da 'yan kai a kowace fuska. Kafin nan faifai waƙa ɗaya yake ɗauka a fuska, ta minti uku ko makamancin haka. Sai a tsakiyar shekarun 1960 mawaƙan rok suka mayar da dogon faifai aiki guda mai kai da gindi, wanda ake saurara daga farko har ƙarshe, da hoton bango da tsarin waƙoƙi da aka yi da niyya. A daidai lokacin, 1967, aka kafa Rolling Stone a San Francisco. Marubutanta da wannan salo tare suka girma, shi suka iya yabo, shi suka ɗauka fasaha. Da suka zo auna tarihin kiɗa gaba ɗaya, da mudun zamaninsu suka auna.

Kantiri bai taso a haka ba. Kiɗa ne na talakawan karkarar kudancin Amurka, rayuwarsa tana kan waƙa guda: a rediyo, a shirin Grand Ole Opry da ake watsawa daga Nashville tun 1925, a akwatin kiɗan mashaya da gidajen abincin direbobi. Hank Williams, wanda kusan kowa ya yarda shi ne uban wannan fanni na zamani, ya rasu ranar 1 ga Janairun 1953 yana da shekara 29, tun albam bai zama abin da ake auna mawaƙi da shi ba. Dole ta sa aka shigar da shi jerin Rolling Stone ta hanyar 40 Greatest Hits, tarin da aka harhaɗa a 1978, shekara 25 bayan an rufe shi. Haka aka yi wa Patsy Cline, haka aka yi wa Merle Haggard, haka ma Chuck Berry da ke cikin waɗanda suka kafa rok ɗin kansa. A Nashville ta shekarun 1960 mawaƙi kan fitar da albam biyu ko uku a shekara, a zuba waƙar da ta yi kasuwa a cike sauran gurbin da abin da ya samu. Gwanintar tana nan cikin waƙoƙin, ma'aunin ne ba ya ganinta.

Shi ya sa albam ɗin kantiri da suka fi samun shiga su ne waɗanda suka yi kama da abin da marubucin rok yake so. At Folsom Prison na Johnny Cash, da aka naɗa a gaban fursunoni a 1968, yana da tawaye a ciki. Red Headed Stranger na Willie Nelson na 1975 labari ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe. Dukansu sun cancanta, ba na musu. Sai dai duk wanda ya saurari rediyo a Najeriya a shekarun 1970 da 1980 ya san muryar Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers, kuma babu ɗayansu cikin 500 ɗin. Kiɗan da ya ƙetare teku ya zauna a zukatan mutanen da ba su taɓa ganin Nashville ba, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai shaidar da ke nuna cewa raina kantiri ya wuce sha'awar marubuta. Har zuwa 1991 jadawalin Billboard ya dogara ne ga abin da masu shaguna suka faɗa da baki. A watan Mayun shekarar aka koma ƙidayar na'ura ta SoundScan, kuma kafin shekara ta ƙare Ropin' the Wind na Garth Brooks ya zama albam ɗin kantiri na farko da ya faɗo kai tsaye a lamba ɗaya. Masu saye suna nan tun da can, ba a ƙirga su ne.

Duk da haka jerin ya yi amfani, kuma rashin adalci ne a ƙi faɗa. The Velvet Underground & Nico bai yi kasuwa ba da ya fito a 1967, yabon marubuta ne ya riƙe shi har ya kai na 13 a jerin 2003. Musun da jeri ke tayarwa ma ya haifi gyara. A 2017 gidan rediyon NPR ya jera albam 150 na mata zalla, ya sa Blue a gaba, bayan shekara uku sai ga shi a ukun farko na Rolling Stone. A zaɓen 2020 ne Expensive Shit na Fela Kuti ya samu gurbi. Buƙatar gyaran ta fito fili a 2023, lokacin da Jann Wenner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Rolling Stone, ya fitar da littafin hirarraki da mawaƙa bakwai, dukansu maza fararen fata, ya kuma kare zaɓin da kalaman raini ga mata da baƙaƙe, har aka cire shi daga hukumar gidauniyar Rock and Roll Hall of Fame.

Illar da ba a cika magana a kanta ba ta shafi sharhi ne. Jeri matsakaicin ƙuri'u ne: albam ɗin da kowa ya sa a na goma yana doke wanda mutum biyar suka sa a na ɗaya. Abin da ba ya ɓata wa kowa rai shi ke hawa. Kuma jeri yana shafe tarihin saɓani. Rolling Stone ta kushe albam ɗin farko na Led Zeppelin a 1969, ta kushe na Black Sabbath a 1970, yau duka suna cikin 500 ɗinta, mai karatu ba zai taɓa sanin an yi jayayya ba. Sharhi na gaske shi ne mutum ɗaya ya saurara, ya sa sunansa, ya faɗi dalilinsa, ya yarda a kama shi da kuskure. Wannan aiki yana ƙanƙancewa, har mujallar Pitchfork da ta yi suna da shi an cusa ta ƙarƙashin mujallar GQ a farkon 2024.

Ga kantiri kuwa, gyaran 2020 bai kai gare shi sosai ba. An faɗaɗa masu ƙuri'a ta fuskar jinsi da launi da shekaru, abu mai kyau, amma ma'aunin albam yana nan daram, kuma a jerin Apple na 2024 Golden Hour na Kacey Musgraves ne kaɗai za a kira kantiri ba tare da gardama ba. Ware masa jeri nasa na daban ya ba shi fili, ya kuma tabbatar da katangar. Coat of Many Colors na Dolly Parton, na 1971, shi Rolling Stone ta ce ya fi kowane albam na kantiri a 2022. A babban jerinta na shekara biyu kafin nan, bai shiga cikin 250 na farko ba.