Hukuncin Jarida da Hukuncin Alƙali

A daren 19 ga Afrilu 1989, a lambun Central Park da ke tsakiyar birnin Niyu Yok na Amurka, aka auka wa wata mata mai shekara 28 wadda ta fita gudun motsa jiki, aka yi mata fyaɗe, aka yi mata dukan da ya sa ta kwana 12 ba ta san inda kanta yake ba. Tun ba ta farfaɗo ba, tun ba a kira shaida ko guda ba, jaridun birnin sun riga sun yanke hukunci a kan wasu yara biyar da 'yan sanda suka kama, huɗu baƙar fata ɗaya ɗan asalin Latin, waɗanda babbansu shekararsa 16, ƙaraminsu 14. Suka laƙaba musu sunan garken kyarketai. Attajiri Donald Trump kuwa ya sayi shafi sukutum a jaridu huɗu yana neman a dawo da hukuncin kisa. A makon da aka auka wa matar an kai wa 'yan sandan birnin wasu rahotannin fyaɗe ko yunƙurinsa har 28, galibi a kan mata baƙaƙe da 'yan Latin, amma kusan babu wanda ya ji ɗuriyarsu, domin abin da jarida ke farauta shi ne labarin da zai tsorata mai saye.

Hujjar da aka dogara da ita iƙirari ce wadda aka ɗauka a bidiyo bayan an shafe sa'o'i masu yawa ana titsiye yaran da tambayoyi. Kuma ko da yake sun janye maganarsu, ko da yake bayanansu sun saɓa wa juna, ko da yake gwajin ƙwayoyin halitta bai dace da ko ɗayansu ba, a 1990 kotu ta same su da laifi. Malaman fiƙihu tun da daɗewa suka tsayar da cewa kawo bayyina nauyin mai da'awa ne, kuma shubuha tana tunkuɗe haddi. To, amma na'urar ɗaukar hoto ba ta san shubuha ba. Fuska take nunawa da lafazi, sa'o'in da suka gabaci lafazin kuwa ba ta nuna su, shi ya sa mai kallo yake tashi da yaƙini alhali zato kawai aka ba shi.

Sai a 2002 wani fursuna mai suna Matias Reyes, wanda ke ɗaure saboda fyaɗe da kisan kai, ya furta cewa shi kaɗai ya aikata, gwaji kuma ya gaskata shi, kotu ta soke hukuncin a watan Disamba, bayan Korey Wise, ɗaya daga cikin yaran, ya share kimanin shekara 13 a kurkuku. A 2014 birnin ya amince ya biya su dala miliyan 41.

Wanke sunansu a zukatan jama'a ya zo ta wata kafar dabam. Fim ɗin tarihi na Ken Burns da abokan aikinsa a 2012 ya bi takardu da muryoyin mutanen a natse, sannan a 2019 Ava DuVernay ta fitar da When They See Us a Netflix, kashi huɗu, wanda ya shigar da mai kallo ɗakin tambayoyi ya zaunar da shi kusa da uwayen yaran. Ina ganin alherin wannan aiki mai girma ne. Sai dai wajibi ne a faɗi cewa wasan kwaikwayo shi ma yana da tasa buƙata, domin ba ya tsayuwa sai da mugu guda da za a tsana. Linda Fairstein, wadda ta shugabanci sashen masu gabatar da ƙarar fyaɗe a lokacin, ta rasa masu buga littattafanta, ta kai ƙara tana cewa a shirin an sa mata maganganun da ba ta yi ba, aka sasanta a 2024.

Mu ma a nan gida mun san wannan ɗabi'a, domin sau nawa muka ga an yi holen waɗanda ake zargi a harabar 'yan sanda, an zaunar da su a ƙasa ba riga, makamai a gabansu, ɗan jarida yana tambayar kowa me ya kai shi, kafin magariba hoton ya gama Facebook? Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, jihar Legas ma ta haramta irin wannan holen a 2021. Amma ranar da aka ɗage shari'ar, da ranar da mai gabatar da ƙara bai zo ba, da ranar da aka sallami mutum don rashin hujja, ba a tura wakili. Alhali fiye da rabin mutanen da ke gidajen gyaran hali na Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukuncin komai ba.