Jirgin Dufuna: Yadda A Ke Gane Shekarun Tsohon Kwalekwale da Masassaƙinsa

Kogin Kano, wanda ya ratsa ƙasar Doguwa da Tudun Wada ya taru a madatsar Tiga, ruwansa ya kan bi ta Haɗeja ya faɗa kogin Yobe. Cikin wannan kogi ne Komadugu Gana ma ke zuba. A gaɓarsa, a ƙauyen Dufuna ta ƙasar Fune, wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya cikin 1987 sai ya ci karo da katako a zurfin mita 5. Cikin 1994 Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka tone wurin, suka tarar da kwalekwale na gungume ɗaya, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa rabin mita.

Shaida ta farko game da shekarunsa ita ce ƙasar da ta binne shi. Laka da yashi sun kwanta a kansa hawa-hawa, kowane hawa kuwa ambaliya ce ta kawo shi. Wannan ya nuna tsufa, amma bai ba da adadi ba. Danshin wurin ne ya tare iska da gara, har katakon ya tsira.

Adadin ya fito daga awon kabon-14, dabarar da Willard Libby ya fitar a Amurka wajen 1949. Muddin itace na raye yana ɗibar wannan sinadari daga iska. Da ya mutu sai ɗibar ta tsaya, abin da ke jikinsa ya riƙa raguwa, rabi cikin kowace shekara 5,730. An aika da ɓallin jirgin ɗakunan awo biyu a Jamus. Tsakanin na Kiel da na Kolon, ɗaya ya ba da 7,264, ɗayan 7,670. Waɗannan shekarun awo ne, sai an daidaita su da lissafin zoben itatuwa, domin yawan kabon na iska ya sha canjawa. Da aka yi haka, sai ya kama shekara 8,000 ko fiye. Watau a Afirka ba a sami jirgin da ya girme shi ba, ko da ya ke na Pesse, wanda aka tono a Holan cikin 1955, ya riga shi. Amma fa awo yana faɗin lokacin da itacen ya daina girma ne. Tsakiyar babban gungume kuwa ta girmi gefen ɓawonsa, saboda haka wajibi ne a san inda aka ɓalli abin awon.

Game da masassaƙi, aikinsa ne ke ba da labarinsa. Itacen dangin maɗaci ne, mai tauri. Ƙira kuwa ba ta bayyana a wannan yanki ba sai bayan dubban shekaru, don haka da gatarin dutse aka rarake shi. Duk da haka an fiƙe goshinsa da bayansa, kaurin bangonsa bai wuce santimita 5 ba. Hannun ɗan koyo ba ya yin wannan. Sana'a ce da aka gada kaka da kakanni, a zamanin da tafkin Cadi ya ninka na yanzu girma. Kuskure ne a jingina shi ga Barebari ko Hausawa ko Bade, gama ya riga Kanem da Daura da shekaru dubbai.

Akwai abin lura a nan ga malaman da ke koyarwa a Bebeji da Ƙiru da sauran garuruwan bakin ruwa. Katakon da ya daɗe cikin danshi, in ya sha rana, tsagewa ya ke yi, in kuma an ɗauke shi daga makwancinsa, shaidar ƙasar ta ɓace ke nan. Wanda ya tono irinsa sai ya bar shi a inda ya ke, ya rufe shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, sa'an nan ya sanar da ma'aikatan Gidan Makama a Kano.