Wanda Ake Bi Bashi Ya Je da Ƙafarsa Kafin a Zo Nemansa

A unguwanninmu ba a rasa gane mutumin da bashi ya sha wa kai. Ya daina bin layin mai shagon da yake karɓar shinkafa da mai a wurinsa, ya koma zagayawa ta bayan makaranta. Wayarsa kullum a kashe take, in kuma a kunne take, baƙuwar lamba ta kira sai ya zuba mata ido har ta katse. An yi sallama a ƙofar gida, ya raɗa wa yaro, "Je ka ce ba na nan." Yawancin irin waɗannan bayin Allah ba macuta ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 lissafin gidaje da yawa ya rikice. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, shi kuwa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin shekarar, a lokacin a kasuwanni da dama ko buhun shinkafa ɗaya ba ya saya. Magidanci ya ci bashi a irin wannan yanayi ba abin kunya ba ne.

Ɓuyan ne ke lalata al'amari. Mai bin bashi yana iya jure jinkiri, wani ma ya yi shekara yana haƙuri. Abin da ba ya jurewa shi ne ya ga an mayar da shi sakarai, ya kira ba a ɗauka, ya aika a ce ba ka nan alhali ga takalminka a zaure. Daga nan ne maganar kuɗi take komawa maganar raini, kuma wanda yake ganin an raina shi ba ya sauraron uzuri.

Aikin farko, tun kafin a nemi ko sisin biya, shi ne a ɗauko takarda da biro. Mutane da yawa ba su san jimillar abin da ake bin su ba, kuma da gangan suke ƙin sani, domin tsoro. Ka rubuta kowa: mai shago, uwar adashe, mai gidan haya, makarantar yara, banki, manhajar waya, har ƙanin matarka da ya ranta maka kuɗin asibiti bai taɓa tambaya ba. A gaban kowane suna ka sa uwar kuɗin, abin da ke hawa kanta idan akwai, ranar da aka yi alkawari, da abin da zai faru idan ranar ta wuce. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma sai ka ga an ba da dubban ɗaruruwa a tsaye a bakin masallaci da "ai mun yarda da juna."

A bayan takardar sai ka rubuta abin da ke shigowa da gaske, ba wanda kake fatan ya shigo ba. Ka cire abinci, magani, kuɗin mota zuwa wurin nema, da haya. Abin da ya rage shi ne ƙarfinka, ko da naira 15,000 ne a wata. Da shi za ka yi magana da kowa. Ɗan kasuwa kuma ya kiyaye: jari ba ya cikin abin da ya rage. Wanda ya kwashe jarinsa ya biya mutum ɗaya don ya huta da surutunsa, ya rufe ƙofar da sauran za su samu nasu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara biyan wanda ya fi iya masifa. Wanda ya fi ɗaga murya ba lallai ne bashinsa ya fi haɗari ba. Abin dubawa biyu ne: wane bashi ne zai raba ka da matsuguni ko sana'a, wane ne kuma yake girma kana barci. Haya, da kayan da ka karɓo a kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa bisa amana za ka sayar ka kawo kuɗi, da Keke Napep da kake biya da kaɗan-kaɗan, waɗannan su ne a gaba, domin rasa su rasa hanyar biyan kowa ne. Sai mai kuɗin ruwa. Adashe kuwa, idan ka riga ka kwasa, zubin da ya rage haƙƙin mutane ne da yawa, kuma yawancinsu ba su fi ka ƙarfi ba. Wata ta ɗora auren 'yarta a kan ɗaukarta. Bashin dangi da abokai shi ne yake iya jira, amma jiransa da sharaɗi: a gaya musu. Shirun da ɗan'uwa ya yi ba yafewa ba ce.

Daga nan sai tafiya, kuma nan ne wuyar take. Ka je da kanka, da rana, ba ta saƙon waya ba. Idan kana jin nauyi ka tafi da dattijo ɗaya da ku duka kuke ganin girmansa. Ka faɗi adadin da bakinka kafin ya faɗa, domin wannan kaɗai yana kwantar da rabin fushin: "Alhaji, dubu tamanin ɗinka na nan a wuyana, ban manta ba, ban kuma musa ba. Kasuwa ce ta juya. Ba zan iya kawo su a dunƙule ba, amma duk ranar Juma'a zan kawo dubu uku. Ga ta wannan makon." Wannan ta ƙarshen ita ce mai nauyi. Zuwa da wani abu a hannu, komai ƙanƙantarsa, ya fi dogon bayani da rantsuwa.

Kada kunya ta sa ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka. Da yawa idan aka tsare su da ido sai su ce "ƙarshen wata in sha Allahu zan kawo duka," alhali sun san babu inda za su fito. Ƙarshen wata ya zo, a koma gidan jiya, yanzu kuma da tambarin ƙarya a kai. Gara ka ce dubu uku ka kawo biyar, da ka ce ashirin ka kawo goma. Idan mako ya zo ba ka samu ba, ka riga shi kira. Kowane biya kuma a rubuta shi a littafin mai shago a gabanka, ko ka tura ta banki ka adana shaidar. Rigimar "na ba ka," "ba ka ba ni ba" ta raba zumuncin da ya fi kuɗin daraja.

Su ma masu bin bashi akwai magana a kansu. Aya ta 280 a surar nan ta Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Amma wannan rangwame na wanda ba shi da shi ne. Mai taurin bashi da yake da hali, yana sabon ɗinki kowane biki yana cewa a ƙara haƙuri, malamai ba su saɓa ba cewa zalunci yake yi.

Babban ramin da ake faɗawa a yanzu shi ne biyan bashi da bashi, kuma manhajojin bayar da rance na waya sun sauƙaƙa shi fiye da kima. A ɗauka mutum ya karɓi naira 20,000 zai mayar da 26,000 bayan mako biyu. Ranar ta zo babu, sai ya buɗe wata manhajar ya karɓi 26,000 a kan irin wannan sharaɗi. Yanzu 33,800 ake bin sa. Zagaye na uku 43,940, na huɗu 57,122. Cikin wata biyu bashin ya kusa ninkawa uku, shi kuwa 20,000 ɗin farko kaɗai ya ci. Manomi ya san irin wannan tun kafin zuwan waya: ba-da-kaka, inda ake karɓar kuɗi da damina a biya da buhunan hatsi a farashin da mai kuɗi ya yanka, sai kaka ta yi rumbu ya tashi wayam, a sake komawa wurin mutumin. Duk wanda ya tsinci kansa a wannan zagaye, matakin farko shi ne ya tsaya cak, kada ya ƙara karɓar ko kwabo, ko da hakan na nufin saƙonnin barazana za su yi ta shigowa.

Barazanar ma ya kamata a san iyakarta. Wasu kamfanonin suna kwashe lambobin da ke wayar mutum su aika wa surukansa da abokan aikinsa cewa ɓarawo ne, wasu har hotonsa suke yaɗawa da sanarwar mutuwa. Wannan ba hanyar karɓar bashi ba ce a doka. A Agusta 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci tarar wani irin wannan kamfani naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu cin bashi. A Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas, daga baya a shekarar ta wajabta musu rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta na intanet. Daga ƙarshen Mayu 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji a Najeriya shiga lambobi da hotunan da ke wayar mutane, sannan a Yunin shekarar aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. Wanda aka ci wa mutunci ya ɗauki hoton saƙonnin ya kai ƙara FCCPC. Ya kuma riga su sanar da iyalinsa da na kusa da shi, domin ƙarfin barazanar duk a kan tonon asiri yake. Sai dai a fahimta: laifinsu bai goge abin da ka karɓa ba.

Haka maganar 'yan sanda. An saba jin "zan sa a kulle ka," kuma ana yi, amma doka ba ta ba da wannan dama ba. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan abin da bai wuce saɓa yarjejeniya ba, sashe na 36 kuma ya hana a kama wani a madadin wanda ake nema, wato ba a ɗaukar mata ko uba don miji ko ɗa ya fito. Kotuna sun sha nanata cewa caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne. Amma akwai inda bashi ke zama laifi: wanda ya karɓi kuɗi da yaudara, ko ya ci amanar kayan da aka damƙa masa, ko ya rubuta cakin banki alhali babu kuɗi a asusun. Na ƙarshen nan, wata doka ta 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara biyu. Don haka kada matsi ya sa ka ba da caki don a ƙyale ka yau. Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, akwai mai unguwa, akwai shugabannin kasuwa, akwai Hisba a jihohin da take, kuma yawancin irin wannan rigima a zaman sulhu take mutuwa kafin ta kai gaban alƙali.

Bashin banki kuwa ba a guje masa da canza asusu. Tun 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin ka damar bin lambar BVN ɗinka ya ciri kuɗinsa daga asusunka na wasu bankuna, muddin ka sa hannu a kan haka lokacin karɓar rancen, kuma yawanci an sa ba tare da an karanta ba. Abin da ya fi shi ne ka rubuta wa bankin takarda tun kafin wa'adi ya wuce, ka nemi a tsawaita lokaci a rage abin da ake cira duk wata, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ka nemi cikakken bayanin asusun ka duba da kyau. Idan ka ga cajin da ba ka gane ba ka yi ƙorafi a rubuce, in ba a saurare ka ba ka kai sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.

Duk wannan ba ya buƙatar ɗan tsakiya. Akwai masu yawo a Facebook da WhatsApp suna cewa a biya su za su goge sunan mutum daga manhajoji ko su "wanke" masa BVN. Damfara ce. Za su karɓi kuɗinka, su karɓi bayanan asusunka, bashin kuma yana nan inda yake.

Wani lokaci lissafin ba ya fita ko ta yaya aka juya shi. A nan sai a duba abin sayarwa: wayar da ta fi ƙarfin mai ita, babur na biyu, fulotin da aka ajiye. Sayar da kadara da zafi, amma ya fi a zuba ido kuɗin ruwa ya cinye ta. Kayan ɗakin mata da gwal ɗinta dai nata ne. In ta bayar da yardarta, shi ma bashi ne, a rubuta. Kuma mutane suna mantawa cewa wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ce a ba zakka. Gaya wa limami ko wani mai hali a dangi halin da ake ciki ba bara ba ce.

Idan an gama biyan wani, a rufe maganar da kyau. Mai shago ya soke shafin a gabanka. Wanda ya riƙe takardar fili ko ta gida jingina ya dawo da ita a ranar, gaban shaidun da aka bayar. Banki ko kamfani ya ba ka takardar shaidar kammala biya, domin sunayen masu bashi suna zuwa cibiyoyin adana tarihin rance irin su CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma yakan faru mutum ya biya amma sunansa ya ci gaba da zama a jerin waɗanda ba su biya ba, sai ranar da ya je neman wani abu ya ji labari. Dokar 2017 da ta tsara aikin waɗannan cibiyoyi ta ba ka damar neman rahotonka da kuma neman a gyara kuskure. Takardar lissafin nan kuma kada ta zama sirrinka kai kaɗai. Matarka ko babban ɗanka su san inda take, domin a shari'a sai an fitar da bashi kafin a raba gado, kuma magada ba za su biya abin da ba su san da shi ba.